Makwancin Kawu

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya kaɗaici? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka, kuma kana shafa maganin da na sa maka a jaka. Mu nan lafiya lau. Yara suna gaishe ka, ƙaramar ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo. Baba ma yana gaishe ka, ko da yake ni na cika gaisuwar, shi kai kawai ya gyaɗa.

Na ba direban da ke kai muku siminti wannan takarda ne saboda na gaji da waya. Da zarar na ɗauko maganar da ba ka so, sai ka ce ba ka ji na sosai. Takarda dai ba ta katsewa, sai ka karanta.

An kama Kawu. Jakin Baba nake nufi, wanda kai da bakinka ka laƙaba wa wannan suna tun kana saurayi, don ka ce Baba ya fi ji da shi a kan ƙannensa na ciki ɗaya. Ma'aikatan hukumar gari ne suka zo da sassafe da babbar mota, suna kwashe dabbobin da ke yawo a titi. Suka tarar da shi a ƙofar gidanmu ya zare igiyarsa, yana tsaye yana jiran Baba kamar kullum, suka cusa shi a mota. Ina ciki ina wanke-wanke, ban ji komai ba. Sai da Baba ya sauko da tabarmarsa da butarsa, ya miƙa hannu inda ya saba samun bayan Kawu, hannun bai sami komai ba. Da maƙwabcinmu tela bai tare shi ba, da ƙasa zai sha.

Ka san tun da yanar ido ta rufe wa Baba gani, Kawu ne idonsa. Ya ɗora hannu a bayansa, su tafi rumfar tsofaffin 'yan dako ta bakin kasuwa, ya wuni cikin abokansa, da yamma su dawo. Ba mai ja, ba mai kora. Wannan fitar ce kaɗai ta rage masa wadda ba sai ya roƙi wani ba.

To, me ya kai Kawu kwana a titi? Ka sani sarai, amma bari in tuna maka. Zuwanka hutu na bara ka rushe rumfarsa, ka gina wa motarka gareji a wurin. Ka ɗaga ƙofar gida, ka yi mata matakala masu tsayi, ka shimfiɗa tayil a tsakar gida. Na ce maka tsohon jaki ba zai iya hawa ba, gwiwarsa ta gaji. Ka ce in bar wa maza maganar gini. Ka lulluɓe mota da tampol, ka datse gareji da ƙaton kwaɗo, ka jefa makulli a aljihu ka kama hanya. Mota tana kwance a inuwa sai ka ce mai jego, shi kuwa wanda ya yi dakon da aka kai ka makaranta da shi yana kwana a bakin kwata.

Na je inda suke tsare su, can bayan tashar mota. Fili ne da aka zagaye da waya, mutane suna ce masa kurkukun dabbobi. Gefe ɗaya awaki da tumaki da jakuna, ɗaya gefen motoci da babura da teburan 'yan tireda da aka kwaso don sun tare hanya. Na hango Kawu a rana, kunnuwa a sake, ko ruwan kirki babu a gabansa. Mai gadi ya ce ba abin da zai iya sai shugaban wurin ya zo.

Ka aiko da makullin gareji ta hannun direban nan. Idan Allah ya sa aka sako shi, ba zai sake kwana a waje ba ina cikin gidan nan.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka


Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata aiki yana tafiya daidai. Yara lafiya. Baba ba lafiya, kuma ba ciwon da za a kai asibiti ba ne.

Direba ya dawo mini hannu rabbana, ya ce ka ce makulli ba abin yawo ba ne. Daga baya ka bugo waya, na ɗauka da sauri, ina zaton ka sake tunani. Sai ga ka kana dariya, wai ka ba abokan aikinka labari, wani ya ce da Turanci sunan wannan kurkukun dabbobi, wai “pound”, ɗaya ne da sunan kuɗin Turawa, fam ɗin nan, ɗaya ne da laba ta awon nama, har daka a turmi ma sunan ke nan. Ka tambaye ni wai ba abin mamaki ba ne? Haba maigida! Ubanka ya daina cin abinci, kai kana koya mini Turanci. Da kana kusa da ni a lokacin, da na nuna maka wanda na fi iyawa a cikin huɗun.

Mun ga shugaban wurin. Ya ce mu nuna shaida a jikin dabba, ko tsagar kunne ko tambarin wuta a cinya. Ka san Baba bai taɓa yarda a sa wa Kawu wuƙa ko wuta ba, cewa yake ba a yi wa ɗan uwa haka. Abin da muke yaba masa a kai, yau shi ya ɗaure mana hannu. Ana cikin haka wani mai dakon yashi ya ɓullo ya ce jakinsa ne da ya ɓata, har da shaidu biyu masu rantsuwa tun kafin a tambaye su. Baba ya ce a bar shi ya faɗi duk wani tabo da ke jikin jakin. Shugaban ya kwashe da dariya ya ce, “Tsoho, kai da ba ka ganin tafin hannunka, ta yaya za ka shaida jaki?” Baba hularsa kawai ya gyara.

Yanzu an ce idan ba a warware rigimar ba zuwa ranar kasuwa, gwanjonsa za a yi. Masu sayen fata tuni sun fara jingina da waya suna ƙare masa kallo. Kai ma ka san ba don dako suke saye ba.

Ni nake kai Baba wurin kullum, yana riƙe da bakin mayafina. Ka yi tunani, surukina, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ina jan sa a titi. Kuma ban iya ba. Ina sauri, ina mantawa in ce masa ga rami sai mun zo kai. A babbar kwatar nan ta gaban mai shayi ya zurma, ƙwaurinsa ya ɗaye. Ina goge masa jini, shi ne yake ce mini, “Yi haƙuri 'yata, na zame miki kaya.” A tsakiyar titi na yi kuka, mutane suna kallo.

Idan mun isa sai ya zauna a gindin waya, Kawu ya zo ya zuro hanci. Na nuna wa shugaban, ya ce kowane jaki yana zuwa idan ya ji ƙanshin dusa.

Sai shawararka ta a saya wa Baba sanda, ko a nemo wani jakin. Wani jakin ya san inda kwata take? Kuma muryarka tana fita a wayar nan, Baba ya ji komai. Bayan ka kashe sai ya tambaye ni, “Shi ma tsoho idan ya gaji, sabo ake saya?” Na ajiye maka tambayar, taka ce.

Ban ce ka baro aikinka ba. Makulli na ce.

Matarka


Maigida,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ban ji daga gare ka ba, don haka na ɗauka lafiya ce ta ɓoye ka. Mu ma mun sami lafiya yanzu, kuma ga yadda aka yi.

Ana gobe kasuwa abokan Baba na rumfa suka taso gaba ɗaya, da mai tari da mai ɗingishi, suka shimfiɗa tabarmi a bakin ƙofar filin. Mota ba shiga ba fita. Mai gadi ya yi lallashi, ya yi barazana, suka yi kunnen uwar shegu da shi, suna ta hirarsu. Da shugaban ya fito yana huci, tela ya ce masa abu mai sauƙi ne, a buɗe wa jaki ƙofa, kowa ya kame hannunsa da bakinsa, a ga inda zai nufa. Shugaban ya yarda don ya rabu da su, amma ya ce idan jakin ya kama yawo, maganar ta ƙare. Aka mayar da ni da Baba can bayan mutane don kada a ce ƙanshinsa ya bi.

Aka buɗe. Mai yashi ya kasa haƙuri, yana ta taɓa baki yana kiransa, Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya fito a hankali, haƙarƙari duk a waje, ya nufi rumfar bakin kasuwa. Ya ɗan tsaya inda Baba yake shimfiɗa tabarma, sannan ya juya ya ɗauki hanyar gida, mu duka muna biye kamar masu rakiya. Da ya iso kwatar gaban mai shayi sai ya ja ya tsaya cik. Ba kowa a jikinsa, amma ya ƙi ƙetarewa, yana ta waiwaye. Jira yake Baba ya ɗaga ƙafa. Na raɗa wa Baba abin da ke faruwa, na ja shi muka ratsa mutane, ba wanda ya hana mu. Ya saki mayafina, ya ɗora hannu a bayan Kawu, suka ƙetare tare. Ko da na waiwaya, mai yashi ya sulale, shaidunsa ma sun riga shi.

Da muka iso gida Kawu bai kalli matakalarka ba. Kai tsaye ya wuce ƙofar gareji, ya jingina goshinsa da ƙarfen, daidai inda rumfarsa take a da. Shugaban, wanda shi ma ya biyo mu, ya ce ya yarda namu ne, amma doka ta hana a saki dabbar da ba ta da makwanci a cikin gida. In babu, a mayar da shi filin bayan tasha. Kowa ya zuba wa kwaɗonka ido.

Na buga maka waya a gaban mutane, ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba. Sai na shiga ciki na ɗauko taɓarya. Tela ya ce, “Uwargida, a bari a kira maƙeri mana.” Na ce masa ya matsa. Na daki kwaɗon nan don matakala, na dake shi don ƙwaurin Baba, na dake shi don dariyar da ka yi a waya. Ban san ina da wannan ƙarfin ba, ashe tara shi nake tun bara. Taɓarya ta tsage, kwaɗo ya faɗi. Bakaniken layinmu ya buɗe motar da 'yar waya, tsofaffin nan suka turo ta waje suna nishi suna dariya. Aka zuba yashi a ƙasa, Kawu ya shiga ya yi birgima har ƙura ta turnuƙe. Da yamma Baba ya cinye abincinsa, har ya nemi ƙari.

Ban rubuto don in ba ka haƙuri ba, kada ka nemi wannan a cikin takardar. Motarka tana ƙofar gida da tampol ɗinta. Ka turo wanda zai nema mata wuri.

Ni ce,
wadda aka ce ta bar wa maza maganar gini


Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya bayan? Yara suna kewarka, ni ma haka, duk da haushinka bai gama sauka ba. Ƙwaurin Baba ya warke. Kullum da safe ina jin takunsu shi da Kawu suna fita, ba ruwansu da kowa.

Saƙonka ya iso, direba ya faɗe shi da irin muryarka har da nuna yatsa. Ka tambayi kwaɗo, ka tambayi fentin mota, ka tambayi tampol. Na jira in ji ka tambayi Baba, direba ya ce iyakar saƙon ke nan. Ka kuma ce kada wanda ya sake taɓa motar, ko da ɗan yatsa, sai ka zo da kanka. To, na bi umarninka.

Ka san layinmu da ƙunci, ko amalanke ba ta wucewa ta gefenta. Ba a jima ba mutanen hukuma suka dawo, suka ce motar wa ce ta tare hanya. Na ce ta maigida ce, yana wurin aiki. Suka ce in sa a kawar da ita. Na ce mai ita ya ce kada a taɓa, kuma ni mace ce mai biyayya. Suka ɗaura mata sarƙa suka ja.

Tana can filin bayan tasha, a ɗaya gefen wayar, tsakanin wani babur da teburin mai tireda. Rana tana dukanta yadda ta doki Kawu. Shugaban wurin yana gaishe ka. Ya ce ka zo da kanka da shaidar cewa taka ce, ka kuma nuna inda za ta riƙa kwana, don gareji yanzu da mai shi. Ina ba ka shawara ka zo da takardunta cikakku, domin ita ko an buɗe mata ƙofa ba za ta nemo gida ba.

Na gaya wa Baba ba ka taɓa zuwa wurin ba. Ya yi murmushi, ya ce in rubuta maka kada ka damu da neman hanya. Idan ka iso, shi da Kawu za su raka ka.

Taka har kullum,
mai jiran sabuwar taɓarya