Na Shida Cikin 'Yan Ciyawa

Coventry, 27 ga Disamba, 1986

Gwaggo Nuala,

Matacce yana rawa? Ki ba ni amsar wannan tukuna. To, na gaishe ki. Ya sanyi, ya ciwon gwiwa, ya kajinki? Mama ba ta san ina rubuta wannan ba.

Jiya Ranar Tsuntsu. Kin san mutanen yankinku na Kerry da ke kulob ɗinmu na 'yan Ireland, ba sa bari washegarin Kirsimeti ta wuce ba su sa rigunan ciyawa sun rufe fuska sun shigo da ganga da sarewa ba, kamar har yanzu suna Dingle. Bana ni na saƙa rigunan, ni da tsoho Dinny Begley, har yatsuna suka tsage. Biyar muka saƙa. Ana cikin shan shayin rana a kulob aka banko ƙofa, shida suka shigo.

Na shidan rigarsa tsohuwa ce, ciyawar har ta yi baƙi, kuma yana ɗingishi da ƙafar hagu. Bai kula kowa ba. Ya ratsa tebura ya tsaya gaban Mama ya miƙa hannu. Gwaggo, Mama da rabon in ga ta taka rawa tun ina ɗan shekara bakwai, ta miƙe. Duk juyin da zai yi sai ya doka dunduniya a ƙasa ya ɗaga kafaɗa. Na manta muryar Baba, fuskarsa ma sai a hoto, amma wannan dukan dunduniyar ban manta ba. A kicin ɗinmu yake yinsa, ina ƙarƙashin tebur ina kallon takalmansa.

Na tashi zan fizge hular ciyawar da ta rufe masa fuska. Dinny ya sha gabana.

"Kai yaro, ba a tone ɗan ciyawa. Ko a Ingila aka haife ka, ai ka san wannan."

"Biyar muka saƙa, Dinny!"

"Ka iya lissafi, Allah ya sa albarka. Zauna."

Na ture shi, ya faɗa kan teburin kek. Kafin in tsallake shi mutumin ya fice. A cikin bas na ce wa Mama, "Wane ne?" Ta ce, "Ɓalla maɓallin rigarka, ana sanyi."

An ce min dutse ya rufta wa Baba a aikin rami a Scotland. Ke yayarsa ce. Ina kabarinsa?

Naki,
Lorcan

Dingle, 2 ga Janairu

Ɗana Lorcan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya, kai da mahaifiyarka Breda. Gwiwa da sauƙi, an gode Allah. Kaji sun daina ƙwai, ruwa bai tsagaita ba tun kafin Kirsimeti. Kek ɗin da na aiko ya iso kuwa? Ba ka ce komai ba.

Rubutunka ya yi kyau ƙwarai, sai dai bakin nan naka. Ka ture Dinny Begley, mutumin da ya riƙe ka a coci ranar da aka raɗa maka suna! Gobe-gobe ka je ka ba shi haƙuri.

Maganar ɗan ciyawa kuwa, haka muka taso muka gani. Wanda ya shiga ciyawa ba shi da suna har ya fita. Mai gaba da kai zai iya shigowa gidanka ya yi rawa ya sha shayinka, washegari ku ci gaba da gabarku, ba wanda zai ce uffan. Don haka aka yi ta. Rabin mazan Kerry suna doka dunduniya, ba ubanka ya ƙirƙiro ba. Kuma ai ubanka Mossie da ƙafar dama yake ɗingishi, ba hagu ba. Ka ga ke nan.

Ka kwantar da hankalinka, ka bar uwarka ta huta. Ina sa ku a addu'a kullum.

Gwaggonka,
Nuala

Kulob ɗin 'Yan Ireland, Coventry
3 ga Janairu

Zuwa ga Mista Lorcan Moriarty,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa. Kwamiti ya umarce ni in sanar da kai cewa ya zauna a kan abin da ya faru ranar 26 ga Disamba, wato ture dattijon memba, da lalata kek ɗin ƙungiyar mata, da yunƙurin cire hular ɗan ciyawa. Na ƙarshen shi ya fi girma a idon kwamiti. An dakatar da kai daga shiga harabar kulob har zuwa bikin Ista.

Dangane da tambayar da ka yi ta yi da ƙarfi a bakin ƙofa, kwamiti ba ya ƙirga 'yan ciyawa, kuma bai taɓa ƙirgawa ba.

Naka cikin girmamawa,
T. Hanafin, Sakatare

Ƙari, wannan daga ni ne ba kwamiti ba: ranar nan na ga mahaifiyarka tana dariya. Ka tuna da wannan kafin ka sake ɗaga murya.

Coventry, 8 ga Janairu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kek ya iso, an cinye, na gode.

Baba ba ya ɗingishi. A guje yake hawa bene ina kan wuyansa. Ranar da ya ɗauki jakarsa ya tafi, da ƙafafunsa biyu lafiyayyu ya tafi. To ke yaushe kika gan shi yana ɗingishi? Kuma "yake" kika rubuta, Gwaggo, kamar har yanzu yana raye. Na karanta wurin har takardar ta yi laushi.

Kin san na bar makaranta ban iya haɗa baƙi ba. Da jaridun da ake naɗe mana kifi a wurin gini na koya wa kaina, ana ce min farfesan siminti. To farfesan siminti ya je laburare ranar Asabar, ya sa aka fito masa da jaridun shekarar da aka ce Baba ya mutu. An yi haɗari a ramin, gaskiya ne. An jera sunayen waɗanda suka mutu. Babu Moriarty.

Tunda an hana ni shiga kulob, na tare tsofaffin a bakin coci. Na fara da Dinny, na ba shi haƙurin da kika ce, sannan na tambaye shi.

Ya ce, "Ni ne na shidan."

"Kai da na ture kan kek?"

"Ina da sauri, yaro."

Packie Shea mai goge ya ce ƙarya Dinny yake, shi ne. Na ce to wa ke goga gogen lokacin? Ya ce hannu ɗaya ya ishe shi. Wani da ban ma san sunansa ba ya dafa ni ya ce shi ne, kuma uwata ta taka masa yatsa. Sai ga Fada, limamin cocin, ya fito, Dinny ya ce, "Fada, gaya masa." Fada ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ma ban rantse ba ni ba ne." Suka fashe da dariya. Amma ba wanda ya iya kallon idona a cikinsu.

Na koma gida na ajiye wa Mama sunayen matattun a gabanta. Tana feraye dankali, ba ta ɗago ba.

"Mama, ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ka tashi da uban da ya mutu a bakin aiki. Wannan uban ba ka taɓa jin kunyarsa ba. Me kake nema kuma?"

"Da wa kika yi rawa?"

"Da ciyawa."

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Kowace Kirsimeti kulob na dafa wa tsofaffin gwauraye abinci, waɗanda suka zo aikin titi da rami suka ƙare a ɗakunan haya, ba su koma gida ba, ba su da kowa. Ni ke zuba musu tun ina sha huɗu. Talo-talo, naman alade, kabeji. Suna shigowa hula a hannu, kusan dukansu suna ɗingishi, wani hagu wani dama, aikin ya cinye musu ƙafafu. Ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Bana ma akwai wanda ya nemi ƙarin dankali na ce masa ya jira layi, ba otal ba ne. Ya ce, "Gaskiyarka, samari." Ya koma ya zauna.

Shi ne? Ko na gefensa? Ko ba ya cikinsu ma, ni ne nake haukacewa? Ina rufe ido in jera fuskokinsu, duk iri ɗaya suke zame min.

Lorcan

Dingle, 14 ga Janairu

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ba zan tsawaita ba.

Hagu ko dama, wallahi yanzu ni ma na rikice. Sau ɗaya na gan shi tun bayan tafiyarsa, ranar jana'izar kakarka, daga bayan katangar maƙabarta, kuma bai shigo ba. Ban san inda yake kwana ba. Ban san ko shi ne ya yi rawar ba, ba na wurin. Giya ta ɗauke shi tun kafin ramin ya rufta, da ya rufta sai shi da kansa ya aiko wa Breda cewa ta ce yana ciki. Na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na yi alkawarin yin shiru, ga shi tsufa ya sa na yi suɓutar alƙalami.

Mutanen kulob ba mugunta suke maka ba. Rufa masa asiri suke yi. Ka yi musu a hankali.

Allah ya kiyaye ka.
Nuala

Don liƙawa a allon sanarwa na kulob
17 ga Janairu

Jama'a, ina gaishe ku, manya da ƙanana.

Mista Hanafin, kada ka cire wannan, na rubuta wasu.

Ban zo tone kowa ba. Kirsimeti ta wuce, an ƙone ciyawa, yanzu kowa da fuskarsa yake yawo. Na san Mossie Moriarty bai mutu a rami ba. Ban sani ba ko in na gan shi zan rungume shi ko zan fasa masa baki, wannan ku bar min. Amma ba zan sake zuba wa mutum abinci ina leƙen fuskarsa ba.

Ran Lahadi bayan coci, lokacin da zaure ya cika, zan zo. An hana ni shiga, to ba zan shiga ba. A bakin ƙofa zan tsaya in riƙe ta a buɗe, mu sha sanyin tare. In kana cikin zauren, Baba, ka miƙe. In ba za ka iya ba, ɗaya daga cikin ku da kuka ce min "ni ne" ya miƙe a gaban Mama da gaban kowa, ba dariya, ya faɗa min inda ubana yake.

Lorcan Moriarty