Ranar da Dela Ta Kama Sunan Ɗan Fari

Tamanrasat

Zuwa ga Dela,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Shekara shida ke nan rabona da Dakoro, ina ɗaukar wa Larabawa bulo har bayana ya tanƙware kamar baka. Ban taɓa kawo miki kuka ba. Yau na kawo.

Takarda na ba direba, don wayar ɗakinmu ta kowa ce. A cikinta na ji muryarki. Wani ya turo maganar da kika yi a rediyo, kina faɗa wa duniya ɗanmu ya sha zakami ya fita hankalinsa a gayyar gonar Mai Yara. Ke da ko a gabana ba ki taɓa kama sunan ɗan farinki ba, kullum "yaron nan", yau kin ce Abdurrazak, ƙasa duka ta ji. Yanzu da na shigo ɗaki sai Samba, mutumin Tagriss, ya kunna, ya maƙe murya yana bin ki: "Ku cire bargo, ƴan uwa!" A yi ta dariya. Sun laƙaba mini Mijin Rediyo.

Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki bar aikin rediyon nan. In ba haka ba, da wace fuska zan sauka tasha? Sallar bana ma nan zan yi ta.

Ki gaida Inna.
Arzika

Dakoro

Maigida,

Sannu da aiki, Allah ya ba da sa'a. Ɗiyarka Hamdiya ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Mijin Rediyo! Wallahi Inna ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

Ga abin da ba a turo maka ba. Samari ne suka zuba ƴaƴan zakami cikin kunun gayya, wai a ga namiji. Aka kawo yaron bisa amalanke yana tsintar abin da babu cikin iska, jiki kamar garwashi, ko ɗigon zufa babu. Kawunka Cindo ya ce iskoki ne. Suka ɗaure shi, suka lulluɓe shi da bargo, suka tura kaskon turare ƙarƙashi. Allah ya jefo Ramla, majon likitarmu mai duba marasa lafiya. Ta fizge bargon, ta ce zakami busar da mutum yake, saura kaɗan mu dafa shi da ransa. Aka kwance shi, aka kai inuwa, ana shafa masa jiƙaƙƙen tsumma. Yana ta fizge-fizge, bai san kowa ba. Ta ce, "Uwa, kira sunansa a hankali." Na ce ɗan fari ne. Ta ce, "To zaɓi, kunya ko ɗa?"

Na kira. Ya juyo, maigida. Ya kwanta har muka kai shi likita.

Shi da bakinsa ya ce in faɗa a rediyo. Yanzu shi ke bin fadar samari yana gaya musu zakami ba shi da awo, abin da ya sa wani dariya shi ke kai wani kabari. Mai gari kuma ya yanke magana: wanda ya kawo abokinsa likita ba mai haɗa shi da jandarma, sai dai wanda ya zuba wa wani a ɓoye. Tun daga nan ba a ƙara ɓoye yaro a ɗaki ba.

Ka yi haƙuri, ba zan bari ba. Hatsi ya yi kyau, akuyarka ta haifi biyu. Ka zo ko da fuskar aro ce.

Matarka, Dela

Tamanrasat

Dela,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki, na ninke, na ce ba zan amsa ba. To, Allah ya fi ni.

Ran Juma'a bayan masallaci wani baƙo ya jefa zakami cikin shayi, wai yana kashe gajiya. Samba ya sha. Kafin la'asar yana hira da raƙuman ubansa a jikin bango. Mutanen ɗaki suka kawo igiya, wani ya jawo bargona. Sai na ji bakina yana cewa, "Ku cire bargo, ƴan uwa!" Da muryarki fa, har da yadda kike jan ƙarshen. Ashe tsokanar da suke yi mini ta sa na haddace ki kamar karatun allo. Inuwa, jiƙaƙƙen tsumma, kar a ɗaure, kar a ɗura masa komai, a kira sunansa, a kai likita. Na zauna ina "Samba, Samba" kamar mai lallashin jinjiri, ƙaton da ya fi ni tsawo.

Ya tashi. Jiya ya sake kunna muryarki, ba wanda ya yi dariya. Ƴan ɗakin maƙwabta sun zo a tura musu.

Har yanzu ina ganin da "wani yaro" kika ce, da ya isa. Amma gaskiya ɗaya ce: da na ci nasara a kanki, da Samba na ƙasa.

Arzika

Dakoro

Maigida,

Alhamdu lillahi. Ka gaida Samba, ka ce masa ya ci gaba da kwaikwayona, na ba shi izini. Inna ta ce a tambaye ka: a dama fura da kai ran Sallah, ko a'a?

Dela

Tamanrasat

Dela,

A dama, da nono mai yawa. Zan shigo motar Agadas in Allah ya so. A turo Abdurrazak tasha. In ya rasa ni cikin mutane, ya tambayi Mijin Rediyo.

Kar ku sa rai da yawa. Ga abin da shekara shida ta bari hannuna: jikka ɗari da arba'in na sefa, buhun dabino ɗaya, rediyo ɗaya, bargo biyu.

Mijinki, Arzika