Ƙugiyar da ta fi ƙarfin bakin kurungu

Daren Laraba, sha biyu ga Safar, Karakkai

Yau surukina Baba Ɗanladi ya dawo mini da ƙugiyoyin da na ƙera masa, ya zube su gaban maƙera, mutane na kallo. Kwana uku yana gulbi, gidansa babu miya.

Na ce ƙarfena ba ya ƙarya. Sai ya ciro kifi biyu daga gora, tarwaɗa da kurungu. Ya buɗe bakin tarwaɗa, yatsuna uku suka shige. Ya juya kurungu, ga bakin can ƙasa, ɗan tsuke, da haƙora kamar gashi.

Ya ce, "Malam Isa, wanga tsotsar laka yake yi, bai haɗiya. Bana kuma shi ya cika gulbi. Ina zai sa ƙatuwar ƙugiyarka?"

Tun ɗazu nake juya abin. Dukkansu ba su da ɓawo, dukkansu da gashin baki, kamar 'yan ɗaki ɗaya. To me ya raba bakunan? Baba ya ce kiwo a ƙasan ruwa ne ya saukar da na kurungu tun kakanni. Liman ya ce haka aka halicce shi. Ni dai na san ƙarfe ba ya lanƙwasa sai an buga, amma ƙashi fa? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Gobe zan hura wuta, kurungun nan yana gefen uwar maƙera inda nake bugun ƙarfe, in ƙera ƙugiya daidai bakinsa. Tun ina saurayi nake ƙera ƙugiya, ashe ban taɓa leƙa bakin kifi ba sai yau.