Ran Jirgin Kawu Genzo

Tsibiri, 9 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ƙugun naka da ya karye yana haɗewa, kuma ka daina faɗa da ma'aikatan asibiti a kan miyarsu. Mu nan lafiya lau. Guguwar makon jiya ta wuce ba ta taɓa mana komai ba. Jiragen shaƙatawa na mutanen birni guda bakwai da ke ɗaure a gadarmu ta tsayawar jiragen ruwa duk na ninka musu igiya, ko fenti bai goge ba. Na so in tsaya a nan in yi maka sallama, amma ba zan iya ba. Baba, an yi ɓarna a filinka na gyaran jiragen ruwa, kuma a hannuna aka yi ta.

Ka san mun jawo jirgin amininka Kawu Genzo tudu don ginshiƙin tsakiya ya ruɓe daga gindi. Dalilin ma ka san shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun rasuwar matarsa Inna Fusae, kowace safiya sai ya tsiyaya shayi a gindin ginshiƙin ya gaishe ta, don a nan ka saka funadama, wato kayan da muke kira ran jirgi, ranar da ka gama ƙera shi: tsabar kuɗi goma sha biyu, 'yar tsana biyu ta takarda, ɗan hatsi, da gashin da ta yanke daga kanta.

Ranar da nake bakin gada ina fama da igiyoyi, surukinka Noboru ya ce bari ya rage mini aiki. Shi da a jiragen roba ya koyi sana'a, ina zai san ba a ɗora zarto a jirgin katako sai an cire ransa an ajiye? Laifina ne. Ban faɗa masa ba, na ɗauka ko kifin tekun nan ya san wannan. Ya yanke ginshiƙin ya jefa a tarin guntaye, ran Laraba kuma amalanken gidan wanka ya zo ya kwashe don hura wuta kamar kullum.

Da na gane, da gudu na haura gidan wanka da takalmin aiki. Iya Tsuyako mai gidan ta ce, "Wannan jiƙaƙƙen? Ai shi na fara turawa, ya cika mini gida da hayaƙi. Ki ce wa mijinki ya riƙa aiko na kirki." Rabin unguwa sun yi wanka da shi ba su sani ba.

Washegari Kawu Genzo ya zo da butar shayinsa zai hau tsani. Na yi niyyar ce masa fenti bai bushe ba. Na kasa. Na durƙusa a kan tsakuwa na faɗa masa komai, Noboru yana bayana goshi a ƙasa. Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi. Rufe butar kawai ya yi, ya juya. Kwana uku ke nan bai leƙo ba, kuma na ji ya gaya wa ƙungiyar masunta su nemo mai sayen jirgin, shi da teku sun gama. Ka san shi, in ya bar teku zama zai yi a ɗaki ya jira mutuwa.

Abu ɗaya ne ya hana ni barci da wani ɗan tsammani. Kwana biyu ina tankaɗe tokar gidan wanka da rariya. Na sami ƙusoshi cike da gwangwani, amma ko tsabar kuɗi ɗaya ban gani ba, alhali wutar Iya Tsuyako ba ta kai ta cinye tagulla ba. Baba, ko akwai abin da ban sani ba? Ka rubuto mini ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

'Yarka mai jin kunya,
Chizuru

*

Tsibiri, 18 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa irin ta wadda ta yi barci har rana ta fito. Yaya jikin? Na ji an ce ka fara takawa da sanda har ƙarshen baranda, kada ka zarce ka nufi tasha. Ga busasshen kifi da 'ya'yan itace masu tsami da kake so na haɗo da wasiƙar nan, ka ɓoye wa likita.

Katinka ya iso ran Juma'a a jirgin safe. Zagin na same shi, layin ma na same shi. "Sakarya. Turken ɗakin tuƙi na hagu, daidai kafaɗa. Ki je ke kaɗai, ruwa na cikowa." A tsaye na karanta a gaban mai kawo wasiƙa, sai na zube a kan gwangwanin fenti. Shi kuwa ya ɗauka mutuwa aka yi, har ya cire hula.

Na bi umarninka. Na aiki Noboru ƙetaren teku sayen abin da ba mu buƙata, na wanke hannu da baki da gishiri, na jira teku ta fara cikowa, na hau da kurfi da ƙaramar guduma. Baba, kai mugun ma'aikaci ne. Na fi rabin sa'a ina shafa turken nan ban ga layin murfin ba, sai da na ƙwanƙwasa na ji inda sautin ya canja. Da ya buɗe, ga komai a bushe ƙarau a cikin farar takarda. Gashin baƙi ne wuluk, ɗaure da jan zare. Ni da furfura na san Inna Fusae, ban taɓa tunanin ta taɓa zama yarinya ba. Na yi kuka ni kaɗai a ɗakin tuƙi, kuma ban ji kunya ba.

A bayan takardar na ga ka rubuta shekarar da ka mayar da shi nan. Shekara tara! Wato tun lokacin da ka canja masa inji ka ga shayi ya fara cin katakon, ka kwashe a asirce. Na san maƙeri ba ya faɗin inda ya sa ran jirgi, na kuma san ba za ka iya duban mutumin da bai daɗe da binne matarsa ba ka ce ya daina zuba mata shayi. Duk na gane. Amma da ka ɗan ja ni gefe kafin a ɗauke ka zuwa asibiti, da ban ci tokar unguwa ta kwana biyu ba. Har yanzu in na fyace hanci baƙi ne.

Yanzu ga nawa laifin. Na karya maka doka, na faɗa wa Kawu Genzo wurin. Na je gidansa na tarar tagogi a rufe da rana tsaka, yana zaune bai yi aski ba. Na ce gashin yana nan, bai ƙone ba. Ya dube ni ya ce kada in yi masa ƙarya irin ta masu jinya, ya tsufa da lallashi. To me zan yi? Na ce ya sa takalmi. Haka muka gangaro, ni a gaba shi a baya, matan kasuwar kifi suna bin mu da ido.

Ya daɗe yana kallon takardar a tafin hannuna, bai taɓa ba. Sannan ya dubi ramin, ya dubi bencin da yake zama in yana tuƙi, ya auna da kafaɗarsa.

"Nan take?" ya ce. "Shekara tara tana daidai kunnena, ina shan sigari kara ashirin a rana, ba ta ce mini kanzil ba? Anya Fusae ce kuwa?"

Na ce ita ce, Kawu.

"To ni kuma wa nake gaisarwa a can?"

Na ce katako. Sai ya fashe da dariya har da tari, dariyar ta juye ta zama wani abu, na fita na bar shi. Da ya sauko ya ce in gaya maka in ka dawo sai ya karya maka ɗaya ƙugun, kuma ya gode. A jere ya faɗe su, ka zaɓi wanda kake so.

Noboru kuwa a kwana huɗu ya sassaƙa sabon ginshiƙi da hannu, ya ƙi taɓa inji, kuma ya fito sumul. Ya durƙusa wa Kawu sau uku har Kawun ya ce ya tashi yana tare masa rana. Ni na mayar da funadama wurinsa, ni kaɗai. Kalmomin da kake faɗa ban san su ba, sai na ce mata kawai ta yi haƙuri da mu, ta riƙa dawo mana da shi gida. In ban yi daidai ba ka gyara in ka zo. Na kuma kafa ɗan kofin tagulla a jikin turken, na gargaɗi Kawu cewa in na ga ɗigon shayi ɗaya a katako ba zan ƙara jawo masa jirgi ba.

Jiya da safe muka mayar da jirgin teku. Kawu ya janye maganar sayarwa, har yana musun ya taɓa yin ta. An ɗaura tutoci, an watsa wa jama'a wainar shinkafa, Iya Tsuyako ta cafe uku. Kawu ya zagaya tashar jiragen sau uku kamar yadda ake yi, sannan ya miƙe wajen tarkunansa na kifi. Ina tsaye a ƙarshen gada ya wuce ta gabana, ina hango shi ta tagar ɗakin tuƙi. Baba, ka san shekara nawa yana baje a tsakiyar bencin nan kamar nasa ne shi kaɗai. Jiya can gefen dama ya takure, yana riƙe da sitiyari a karkace, ya bar rabin bencin na hagu babu kowa.

Ka warke a hankali, filin gyara yana nan lafiya. Noboru yana gaishe ka, yana kuma tsoron ranar dawowarka.

'Yarka,
Chizuru