Ku Bar Mini Mukbil

Zuwa ga Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Baba, ya su Arwa? Ni lafiya lau, sanyin Michigan ne kawai ke cin yatsuna idan na hau falwaya.

Majalisar garinmu ta ƙi sabunta izinin kamfanin talabijin ɗin da nake ja wa waya. Ƙarshen wata aiki zai tsaya. Kada ki gaya wa Baba, ɗan hutu ne.

A zaman majalisar wata tsohuwa, Misis Nowak, ta miƙe da sandarta ta ce, "Ku canza kamfani in kun so, amma ku bar mini Mukbil. Shi kaɗai ke cire takalmi kafin ya shigo ɗakina."

Umma, tarbiyyarki ta kai gaban hukuma. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Mukbil