Kan Mai Walda

Litinin, 3 ga Maris
Ƙofar ƙarfen da muke ɗagawa a shago ta suɓuce ta buge ni a ƙeya. Wai na ɗan suma, ni ban tuna ba. An ɗauki hoton kai, likita ta ce babu jini, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza. Hutu, da farasitamol in ciwo ya taso.

Asabar, 8 ga Maris
Ni da na girma a gaban wutar walda, yau hasken taga ke sa ni hawaye. Ko cokali ya taɓa kofi, har tsakiyar kaina.

Alhamis, 20 ga Maris
Na leƙa shago. Dogo, abokin aikina, ya kunna injin yankan ƙarfe, na fito da gudu na yi amai a bakin kwata. In kan nan bai gyaru ba, wace sana'a na iya?

Juma'a, 4 ga Afrilu
Maman yara ta tona ni gaban likita: ta juye kwalayen maganin da nake saya a kemis a kan tebur. Safe, rana, yamma nake sha. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, yanzu maganin ne da kansa ke kawo ciwon." Ta sa na daina, ta rubuta wata 'yar ƙwaya ɗaya kafin barci. Ta ce abin zai tsananta kafin ya sauka.

Talata, 8 ga Afrilu
Ya tsananta. Na roƙi maman yara rabin ƙwayar tsohon maganin, ta ce ko zan sake ta ba za ta ba ni ba.

Laraba, 23 ga Afrilu
Na farka ina laluben ciwon, babu shi! Sai bushewar baki, aikin sabuwar ƙwayar. Da hannuna na yaye labule.

Asabar, 10 ga Mayu
Likita ta yarda in koma, rabin yini. Na riƙe walda, wuta ta tashi, kai shiru. Ƙofar nan da ta kayar da ni, ni na ƙarasa ta, layin ɗinkin kamar an ja da rula. Dogo ya yi ta buga guduma a kan durom don murna, ban ko motsa ba. Alhamdulillahi.

A hanyar gida na sayi hular kwano. Na ce wa Dogo saboda zafin rana ne. Biyu na saya.