Maganarka Biyu a Kan Gidan Rurum

Baba, assalamu alaikum.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma, Sani za ka miƙa wa ya karanta maka, kana katse shi a kowane layi. To yau babu mai katse ni.

Ina nan ƙasar sanyi, ina fama da abin da ka raɗa wa suna digirin musu. Ba ka yi ƙarya ba. Darasi biyu nake ɗauka wannan zangon. Ɗaya yana tambaya: me ya sa mutumin jiya shi ne na yau, jikinsa ne ko abin da yake tunawa? Ɗayan kuma: in masu hankali biyu suka ga abu ɗaya suka saɓa, wa ya kamata ya sassauta? A aji ana tattauna su da kofin shayi a hannu. Ni kuwa ka bar mini su a tsakar gida.

Kana da lafiya ka tara mu a zaure, ka ce ko bayan ranka kada a fitar da Inna daga gidan Tsohon Gari, nan aka kawo ta, nan za a ɗauke ta. Da hawan jini ya kayar da kai, kanka ya rikice, sai ka kama hannun Sani ka ce ya tafi da uwarsa gidansa na Sabon Gari, kada a bar ta cikin kango. Yaya Habu da Sani duk sun ji maganganun biyu da kunnensu.

Yanzu Yaya ya ce ta farko ce taka, ta biyu ta ciwo ce, ba a karɓar wasiyya daga wanda ya tambayi matarsa ko baƙuwa ce. Sani ya ce in ba kai ne a kan tabarmar nan ba, to wa muka yi wa sallah? Sun daina cin tuwo a kwano ɗaya. Katangar ɗakin Inna ta tsage, damina na tafe, kowa kuma ni yake kira. Yaya har Farfesa yake ce mini, ka san abin da yake nufi.

Tsakani da Allah, babu mai son zuciya a cikinsu. Yaya girman maganarka yake riƙe, Sani kuwa tsoron katangar yake ji. Da ɗayansu wawa ne, da na huta.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da aka haɗa mu a bidiyo kana kwance, ka dube ni ka tambaya ɗan wane ne wannan, na ji haushinka. Na ce a raina wannan ba ubana ba ne, littattafaina ma sun ba ni hujja. Sai ka juya ka ce wa Sani, ko ɗan wane ne, a gaya masa ya aske wannan sumar. Baba, ka manta sunana, ba ka manta faɗan aski ba? Ciwo ne ya faɗi wannan ko kai?

Da na rasa mafita na kira Inna. Dariya ta yi. Ta ce ita mutum ɗaya ta aura, kuma bai taɓa faɗin magana ɗaya safe da yamma ba. Ta ce ba inda za ta je, ba don ka ce ba, don kurnarta da maƙwabtanta. 'Ya'yanta su zo su gyara mata katanga kafin ruwa, in kuwa ta faɗo a kanta, su biyun za su amsa.

Sun zo, Baba. Tare ma suka zo, na yi hamdala. Yanzu Sani yana son bulon siminti, Yaya ya ce in ba tubali da laka ba, gidan ya tashi daga gidanka. Sun sake kirana. Tsagar tana nan, hadari ya fara haɗuwa ta wajen Kibiya. Na ce musu su fara tokare ta da azara, musun ya jira kaka. Wannan kaɗai suka yarda da shi.

Na daina shakka: kai ne ka yi maganganun biyu. Wa zai tafi ya bar mana musu yana ci haka, in ba kai ba?

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Sai mun zo.

Ɗanka mai digirin musu, wanda har yau bai yi askin ba,
Bala